Katsu: kazar da kunne ke fara ci

Ranar da na fara soya katsu a gida, wato yankan naman da Japanawa ke yi wa rigar garin burodi su soya, rigar ta rabu da naman tun yana cikin mai. Ina tsaye da mataci a hannu ina kallo, garin burodin da na zauna na manna da kyau ya ɗago ta gefe ɗaya kamar ɓawon itace, ya bar tsokar a fili. Da na tsame na sa wuƙa, sauran rigar ma ta zame. Nama gefe, ɓawo gefe. Yara sun cinye tas har suna neman ƙari, amma ni raina bai kwanta ba, don na san abin da nake nema. Na taɓa cin sa sau ɗaya a wani gidan abincin Japanawa da aka kai ni. An kawo shi a yayyanke a kan 'yar ragar ƙarfe, kowane yanki da rigarsa manne a jikinsa kamar tare aka halicce su, kuma da na ciza, wadda ke zaune kusa da ni sai da ta waiwayo. Wannan ƙarar ce ta hana ni sakat.

Su kansu Japanawa riga suke ce wa wannan lulluɓin. Koromo suke kiransa, kalmar da take nufin tufa. Ƙarar ma suna da sunanta, saku-saku, abin da bakinmu zai ce ƙaras-ƙaras. Na yi wata da watanni ina maimaita suyar, ina sauya abu ɗaya kowane karo, ina rubutawa a bayan littafin girkina. Da na zauna daga baya na bi rubutun, sai na ga kusan duk ranar da abin ya ɓaci, ruwa ne sanadi: ruwan da ke jikin naman, wanda ya zama tururi a ƙarƙashin rigar, gumin da faranti ke tarawa daga ƙasa, ruwan kabeji, har sos ɗin da hannu ke saurin kwararawa a kai. Tun daga nan da ruwa nake lissafi a kowane mataki.

Abincin nan ma baƙo ne a ƙasar da ta raine shi. Katsu gajartawa ce ta katsuretsu, yadda bakin Japanawa ya juya sunan da Turawan Ingila ke kiran faffaɗan yankan nama, su ma daga Faransanci suka aro. Japan ta daɗe tana ƙaurace wa nama. Tun a shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin wasu dabbobi a watannin noma, kuma kaza tana cikinsu tare da saniya da doki. Sai a zamanin Sarki Meiji, wanda ya yi mulki daga 1867 zuwa 1912, ƙasar ta buɗe ƙofa ga abincin Turai, har aka sanar a 1872 cewa sarki da kansa ya ci naman sa. Daga nan aka sami rukunin girke-girken da suke kira yoshoku, wato abincin Yamma da aka gyara shi ya dace da shinkafa da harshen Japanawa. Gidan abincin Rengatei da ke unguwar Ginza a Tokiyo, wanda aka buɗe a 1895, shi ake yawan danganta wa dabarar barin suyar Faransawa ta ɗan man shanu a kasko, a koma tsoma naman cikin mai mai yawa kamar yadda ake soya tempura, wato kifi ko kayan lambu da ake tsomawa a ƙullin fulawa. Wanda ya fi suna a can na alade ne, tonkatsu. Na kaza kuwa chikin katsu ko torikatsu ake ce masa, kuma shi ne nawa.

Aikin yana farawa tun daga wuƙa. Tsokar ƙirjin kaza ba ta da kauri ɗaya, kanta tudu ne, jelarta siririya. In aka soya ta haka, kafin tudun ya nuna jelar ta bushe ta zama kamar igiya, in kuma aka ji tausayin jelar aka tsame da wuri, tsakiyar tudun ɗanye ne. Akwai yankan da Japanawa ke kira kannon-biraki, wato buɗewa irin ta ƙofa mai murfi biyu. Nakan shimfiɗa tsokar a katako, in tsaga tsakiyarta a tsaye har rabin kaurinta, sannan in kwantar da wuƙar in yanka zuwa dama in buɗe, in juya in yanka zuwa hagu in buɗe. Sai ta baje. Daga nan in rufa mata leda mai tsabta in bi ta da sandar murza fulawa, ina ɗan bubbugawa daga tsakiya zuwa gefe, har ko'ina ya zama kamar santimita 1 da rabi. Bugun a hankali ne. Na taɓa matsa hannu har tsokar ta yage, kuma duk inda ta yage nan ruwan naman ke fitowa a cikin mai ya tura rigar waje. In tsokar babba ce nakan raba ta biyu, don ta shiga tukunya ba tare da ta lanƙwashe ba.

Cinya ta fi ƙirji haƙuri. Tana da kitse, ko an ɗan wuce lokaci ba ta bushewa, kuma ga wanda yake koyo ita nake fara ba shi shawara. Sai dai nakan cire fatar, domin fatar da aka lulluɓe da burodi ba ta samun mai kai tsaye, sai ta zauna a ciki tana danƙo tana fitar da ruwa. Jijiyoyin nan farare kuma nakan datsa su da bakin wuƙa wuri uku ko huɗu. In an bar su, zafi na taɓa su za su tsuke, naman ya naɗe kamar kwano, rigar kuwa ba ta tsukewa tare da shi, sai ta tsage.

Ba na wanke kazar. Na san wannan magana tana yi wa mutane da yawa nauyi, ni ma ta yi mini, amma ruwan famfo ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela da kamfilobakta, sai dai ya fantsama su a kan kwanuka da gefen wurin wanke-wanke. Wuta ce ke kashe su. Ga katsu kuma wankin ƙarin ruwa ne a inda ake neman bushewa. In daga firiza ta fito, a firji nake barin ta ta kwana ta saki sarai, don ƙanƙarar da ta rage a tsakiya a cikin mai za ta narke. Sai gishiri, kamar rabin ƙaramin cokali ga tsoka mai nauyin giram 250, da ɗan masoro. In bar ta minti 15. In kin dawo za ki ga ruwa ya tsattsafo a samanta ɗigo-ɗigo kamar zufa. Wannan ruwan shi ya ɓata mini suyar farko. Yanzu tishun kicin nake sawa in goge shi gaba da baya, har in na taɓa tsokar da yatsa in ji ta ɗan kama.

Wata rana ƙanwata tana tsaye a kaina ina wannan gogewar, ta kalli katakon ta kalle ni.

"Yaya, gishiri da masoro kawai? Ba tafarnuwa, ba citta, ba a jiƙa ta ta kwana?"

"Ki bari ki ji tukuna," na ce mata.

Tambayarta tana kan hanya, don ni ma hannuna ya sha miƙewa wajen kayan ƙamshi. Japanawa suna da soyayyar kazar da ake jiƙawa da tafarnuwa da citta da sos ɗin waken soya, karaage, amma wannan girki ne dabam, ƙanana ake yanka ta a barbaɗa mata sitacin dankali ko fulawa. Katsu an gina shi ne a kan nama mai sauƙin ɗanɗano, riga mai ƙara, sai sos mai ƙarfi a gefe. Duk abin da aka jiƙa naman da shi ruwa ne zai riƙe, tafarnuwar da ta maƙale a jiki kuma tana ƙonewa ta yi ɗaci. Na gwada, na dawo kan gishiri da masoro da kaina.

Kwano uku nake jerawa: fulawa, ƙwai, garin burodi. Fulawar aikinta ta tsotse ɗan damshin da ya rage ta ba ƙwai wurin kamawa, shi ya sa kaɗan ake so. Nakan birkita tsokar a ciki, in ɗaga in kakkaɓe ta tsakanin tafukana har in riƙa hango launin naman ta cikin farin. Fulawar da ta yi yawa takan jiƙe ta zama wani kunu-kunu tsakanin nama da riga, a kansa rigar ke zamewa. Ƙwai ɗaya yana isar tsoka biyu. A kaɗa shi sosai har farin da gwaiduwar su zama abu ɗaya, don farin da bai karye ba yakan zo a dunƙule ya zame ya bar wuri fili. Nakan ƙara masa ƙaramin cokali ɗaya na mai, yana sa shi ya bi jikin naman sumul. In na tsoma na ɗaga, sai in jira ya gama ɗiga, in duba gefe-gefen da inda yatsuna suka riƙe, don duk inda ƙwai bai taɓa ba burodi ba zai zauna ba. Hannu ɗaya na ƙwai, ɗaya na busassun kaya. In aka haɗa, yatsu ne ke sa rigar kafin kaza.

Garin burodin shi ne zuciyar al'amarin, kuma a kansa na fi daɗewa. Panko suke ce masa. Pan daga kalmar burodi ta mutanen Fotugal take, waɗanda suka fara sauka a tsibirin Tanegashima a 1543, gaɓar ko kuma tana nufin gari da Japananci. In kin zuba panko a tafin hannu kika kai kusa da ido, za ki ga ba gari ba ne irin na yashi. Tsinke-tsinke ne, dogaye, farare, masu ƙofofin iska, kamar an tsattsage auduga ta bushe. A masana'antu akwai waɗanda ke gasa burodinsa ta hanyar ratsa ƙullin da wutar lantarki, sai ya nuna ba tare da ya yi ɓawo ba, shi ya sa yake fari fat. Wannan siffar ce ke kawo ƙarar. Tsinkayen suna tsayawa a miƙe a jikin naman, mai ya zagaya kowannensu, tururi ya sami hanyar fita ta tsakaninsu. Garin burodi mai laushi kuwa yakan haɗe ya zama bango, ya kulle tururin a ciki, ya ba ki ɓawo mai tauri da nauyi.

Ba kullum nake da na leda ba, kuma gaskiya na gida ya fi burge ni. Gidajen katsu masu ji da kansu ma ɗanyen panko suke amfani da shi, nama panko, wanda ba a busar ba. Farin burodi mai yanka-yanka da ya kwana ɗaya nake samu, in cire ɓawon gefe, in sa a firiza rabin awa ya ɗan daskare, sannan in goga a gireta mai manyan huda. In bilenda ce, dannawa ake yi a saki, sau huɗu ko biyar, kada a bar ta ta yi ta gudu. Abu ɗaya da za a kula da shi, burodi mai sukari da yawa yana saurin yin duhu. Na taɓa amfani da irinsa, cikin minti ɗaya da rabi rigar ta yi ja jawur, cikin naman kuwa ko ɗumi bai gama yi ba. Yanka huɗu zuwa biyar suna isar tsoka biyu.

Busasshen panko na leda kuma shi ne wuri ɗaya tak da nake kawo ruwa da hannuna kafin suya. Nakan jiƙa yatsu in yayyafa masa kamar ƙaramin cokali ɗaya ga kofi guda, in yamutsa, in bar shi minti biyar. Sai ya ɗan farfaɗo ya yi taushi, ya fi kama jiki, kuma ba ya rigan naman nuna. Yayyafi nake nufi, in ya dunƙule a hannu ya yi yawa.

Wajen sa rigar, nakan kwantar da tsokar a kan tulin panko, in ɗebo wani in binne ta, sannan in danna da tafin hannu sau ɗaya, a hankali, kamar mai lallashin jariri ya yi barci. In aka danna da ƙarfi an murƙushe tsinkayen da ake wahala dominsu. Sai in jera a tire in sa a firji minti 10 zuwa 15. Wannan ɗan hutun shi ne abu na biyu da ya gyara mini suya bayan goge ruwa, don a lokacin ne fulawa da ƙwai ke haɗewa su zama manne. Kada dai ya kai awanni, panko zai fara shan ruwan naman.

Mai kuma wanda ba shi da ƙamshi mai ƙarfi ake so. Tukunya mai kaurin gindi nake ɗaukowa, in zuba mai zurfin santimita 3 zuwa 4, kuma ba na bari ya wuce rabin tukunyar, saboda yana tasowa in nama ya shiga. Zafin da nake nema digiri 170 ne a ma'aunin Salshiyos, zuwa 175. Ma'aunin zafi na girki yana ɗauke wa mutum zullumi, amma kafin in mallake shi da ƙwayar panko nake gwadawa, har yau ma nakan yi. In na jefa ta nutse ƙasa ta yi zamanta, mai bai yi ba. In ta nutse zuwa tsakiya ta taso nan take tana 'yan kumfa, lokaci ya yi. In ko nutsewa ba ta yi ba, ta watse a sama ta yi duhu, ya zarce, a rage wuta a jira.

Kumfar da ake gani in nama ya shiga, ruwa ne ke barin rigar ya zama tururi, man da kansa ba tafasa yake ba. Da na gane wannan sai suya ta daina zame mini sa'a. In mai ya yi sanyi, ruwan yana jinkirin fita, rigar ba ta ƙanƙamewa da wuri, sai ta zauna tana shan mai. In ya yi zafi da yawa, waje ya ƙone kafin zafi ya isa tsakiya. Kowace tsoka mai sanyi da aka saka kuma tana ja da zafin man ƙasa, shi ya sa ɗaya nake sakawa, iyaka biyu, yadda rabin fuskar man zai kasance fili. Nakan riƙe ta ta gefe ɗaya in kwantar da ita tana fuskantar nesa da ni, don in mai ya fantsama ya yi can. Sannan in janye hannuna. Minti biyun farko ba na taɓa ta ko kaɗan. Wannan ya fi komai wuya, hannu yana ƙaiƙayi, amma rigar a lokacin ɗanya ce, cokali na taɓa ta za ta kwaye.

Daga nan kunne ke karɓar aiki. Da farko ƙarar mai nauyi ce, manyan kumfa suna ta ɓulɓulowa. Bayan kamar minti uku gefen ya fara launi, sai in juya sau ɗaya. Can za ki ji ƙarar ta sauya, ta zama siririya, tas-tas-tas, kumfar ta ƙanƙance, tsokar ta ɗan taso sama ta yi sauƙi a mataci. Minti biyu ke nan a gefe na biyu. Launin da ake nema Japanawa suna ce masa kitsune-iro, launin dila, tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙasa mai haske. Nakan tsame kafin ya kai inda nake so da kaɗan, domin yana ƙara duhu bayan ya fito. Mai ma'auni ta soka a wuri mafi kauri, digiri 74 zuwa 75 ake so a cikin kaza. In babu, a tsaga mafi kaurin a duba, fari ne har tsakiya, ruwansa garau ba ja.

Tsakanin tsoka da tsoka a tsame ɓarɓashin da ya zube a mai. In an bar shi yana ƙonewa, ya manne wa ta gaba baƙi-baƙi, ya sa mata ɗaci. Kuma a ajiye murfin tukunyar kusa da hannu. In mai ya taɓa kamawa da wuta, a kashe murhu a rufe da murfi, kada a kusanto da ruwa. Yarana sun san in na ɗora man katsu, bakin ƙofar kicin ne iyakarsu.

Kuskuren da na fi daɗewa ina yi ba tare da na sani ba yana nan bayan an gama suya. Da, a kan faranti mai tishu nake kwantar da ita. Sama ya yi kyau, amma in na ɗaga sai in tarar ƙasan ya jiƙe ya yi laushi, tishun ya manne. Naman yana ci gaba da fitar da tururi, tururin ya rasa hanya, ya koma cikin rigar. Sai na tuna 'yar ragar nan da aka kawo mini shi a kai a gidan abincin, wadda na ɗauka ado ce. Yanzu in na tsame nakan riƙe tsokar a tsaye a saman tukunya daƙiƙa kaɗan mai ya ɗige, sannan in jingina ta a kan ragar ƙarfe, a tsaye in ta yarda, iska na ratsa ta ko'ina. Ba rufewa, ba ɗora wata a kan wata. Minti uku zuwa huɗu take hutawa, zafin da ke jikinta ya ƙarasa tsakiyar, ruwan naman ya lafa. In aka yanka da gaggawa ruwan nan a kan katako zai zube, ya bi ta ƙasa ya jiƙa rigar.

Yankan da wuƙa mai kaifi ne, faɗin yatsa biyu, a ɗora a danna ƙasa gaba ɗaya. Kada a yi ta ja da turawa kamar mai zarto. A nan nake fara sanin ko na dace, tun kafin in kai baki. Ranar da ƙanwata ta yi mini waccan tambayar, tana jin wuƙa ta ratsa yankan farko ta matso. Na miƙa mata na tsakiya, na matsa masa lemun tsami da ɗan gishiri, babu sos. Ta tauna ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ashe kazar ma tana da nata ɗanɗanon." Har yanzu haka nake cin yankan farko, da lemun tsami da gishiri kawai.

Kabeji ɗanye shi ne abokin tafiyarsa, kuma kada a raina shi, shi ke wanke baki tsakanin loma da loma. A yanka shi siriri iyakar yadda wuƙa za ta iya, a jiƙa a ruwan sanyi minti biyar ya miƙe, sannan a tsane shi sosai, a girgiza a rariya, a ƙara da tsumma mai tsabta. A gefe ake tula shi. Na sha ganin an shimfiɗa shi an ɗora katsu a kai don ya yi kyau a hoto, kuma raina yakan sosu, domin duk wahalar da aka sha a minti biyu take tafiya.

Sos ɗin katsu mai kauri ne, ruwan ƙasa mai duhu, da zaƙi da tsami. Tushensa sos ɗin Wusta na Ingila ne, wanda ake rubuta Worcestershire a kwalbarsa, Japanawa suka ƙara masa kayan lambu da 'ya'yan itace irin su tumatir da tuffa ya yi kauri. Na kamfanin Bull-Dog yana cikin waɗanda aka fi sani. Nawa na gida kuwa babban cokali 4 ne na kecof ɗin tumatir, 2 na Wusta, 1 na sos ɗin waken soya, sai ƙaramin cokali na sukari, a juya har sukarin ya narke. Wasu suna sa mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi ta girki. Ni ba na sawa, sukarin ya wadatar, kuma mai sayen na kwalba ta karanta abin da aka rubuta a jiki. Abin da na fi so shi ne riɗi. A gidajen katsu da yawa akan ba mutum soyayyen riɗi a ɗan turmin tangaran ya niƙa da kansa kafin abinci ya iso, sannan ya zuba sos a kai. Ƙamshin riɗin da aka niƙa yanzu-yanzu yana ɗaga sos ɗin gaba ɗaya. A ɗan kwano nake ba kowa nasa, a tsoma gefen yanka a kai baki. Mutanen Nagoya suna da nasu salon, miso katsu, da sos ɗin jan miso, wato kwaɓin waken soya mai gishiri irin na daddawa. Shinkafa fara mai gajeren ƙwaya da ɗan kwanon romon miso su ke cika tiren.

Ana iya yi a oben, an sha tambayata. A fara soya panko a kasko da babban cokali ɗaya na mai har ya yi launi, ya huce, a sa wa kazar, a gasa a kan raga a digiri 200 har ta nuna. Yana da daɗi, nakan yi a ranar da ba na son tsayuwa a kan mai, amma ƙararsa ba ta kai ta suya ba.

In ya yi saura, oben ne ke dawo da shi, maikurowef laushi yake ƙara masa. Ko a sa shi tsakanin yankan farin burodi biyu da sos da ɗan kabeji, abin da suke kira katsu sando. Amma wanda ya fi shiga raina shi ne katsudon, kuma a nan ne kaɗai nake sakin rigar ga ruwa da zuciya ɗaya. Albasa ake dafawa a ɗan kasko cikin dashi, wato romon busasshen kifi da ganyen teku, da sos ɗin waken soya da sukari, a jera yankan katsu a kai, a kwarara ƙwai da aka ɗan kaɗa a zagaye, a rufe minti ɗaya, a zame shi a kan shinkafa mai zafi. Ƙasan rigar ya sha romo ya yi taushi, saman kuma in an yi sauri yana nan da sauran ƙararsa.

Ɗalibai a Japan sukan ci katsudon a daren jarrabawa, 'yan wasa ma haka kafin gasa, saboda katsu a harshensu yana da sauti ɗaya da kalmar cin nasara. Na taɓa ba 'yata wannan labarin muna cin abinci, na ma manta na faɗa. Da jarrabawarta ta ƙarshen zango ta zo, da yamma ta leƙo kicin da littafin lissafi a hannu, ta tsaya daidai bakin ƙofa inda ta san iyakarta.

"Umma, gobe ne fa. Za ki yi mana mai ƙarar nan?"

Burodin jiya yana nan, na cire masa ɓawo na sa a firiza. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar tana bitar darasinta da ƙarfi, ni kuma ina goge ruwan jikin tsokar. Da na juya ta biyu a mai, ƙarar ta fara sirancewa, sai na ji karatun ya tsaya. Ba ta ɗago daga littafin ba ta ce, "Umma, ta yi, ki tsame."